Shekara Biyar Ko Kilomita 100,000: Ina Garantin Sabuwar Mota Yake Tsayawa?

Duk wanda ya taɓa sayen mota a hannun dillalai a nan Lafia ya san yadda cinikin yake ƙarewa. Ka zo da bakanikenka, ya ɗaga bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya kasa kunne ya ji kukan injin, ku ɗan zaga da ita zuwa Shabu ku dawo. In an daidaita, dillali ya karɓi la'adarsa, ya miƙo makulli yana cewa, "Alhaji, Allah ya tsare hanya." Daga wannan addu'a babu sauran wani alkawari tsakaninku. In giya ta ƙi shiga bayan mako biyu, iyakarta a jajanta maka. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Shi ya sa idan mutuminmu ya ji ana tallar sabuwar mota dal da garantin shekara biyar, ko bakwai, har ma goma, sai ya ɗauka ya huta da gareji ke nan. Wani kuma ya ce yaudara ce kawai ta Turawa. Dukansu biyu ba su karanta takardar ba.

Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera motar ya ɗauka a rubuce: idan wani sashe ya lalace saboda kuskuren ƙira ko rashin ingancin abin da aka yi shi da shi, za a gyara ko a sauya, ba ka biyan kuɗin kaya, ba ka biyan kuɗin aiki. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya zauna gaban malam ya kai babin ciniki a Risala ya san cewa mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibin da bai sani ba lokacin ciniki. Garanti ma a kan aibin da motar ta fito da shi daga masana'anta yake magana. Abin da hanya ta yi mata, ko direba, ko ruwan sama, ko ɗan acaɓan da ya goge ta a kasuwa, ba ya cikin lissafi. Wannan aikin inshora ne, kuma mutane da yawa suna haɗa su wuri guda.

Dogon garanti a kasuwar Amurka ya yi tashe. Kamfanin Chrysler ya ba motocinsa na 1963 garantin shekara biyar ko mil 50,000 a kan injin da giya, a lokacin da aka saba da alkawari gajere. Amma labarin da ya fi shahara na Hyundai ne. Kamfanin na Koriya ta Kudu ya shiga Amurka a 1986 da wata ƙaramar mota mai araha, Excel. An saye ta da yawa, ta kuma ba masu ita wahala da yawa, har sunan kamfanin ya zama abin barkwanci. A 1998 bai sayar da mota 100,000 a can ba. Sai ya fito da garantin shekara 10 ko mil 100,000, wato kimanin kilomita 160,000, a kan injin da giyar motocinsa na 1999. Cikin shekara uku cinikinsa ya ninka fiye da sau uku. Ƙanensa Kia ya bi sahu a Turai a 2006 da garantin shekara bakwai ko kilomita 150,000 a kan motar cee'd, daga baya ya faɗaɗa shi ga sauran motocinsa. Toyota, wanda sunansa ya riga ya sayar da shi, ya daɗe a kan shekara uku a ƙasashe da dama. Da ya tashi tsawaitawa a Birtaniya a 2021, sai ya yi wayo: duk shekarar da ka kawo motar sabis a garejin wakilinsa, a ƙara maka shekara guda, har motar ta cika shekara 10 ko mil 100,000. Ka daina zuwa, garanti ya tsaya.

A nan ne za a gane cewa tsawon garanti ba shi ne ma'aunin ƙarfin mota ba. Sau da yawa baƙon da ke neman a yarda da shi ne yake yawan rantsuwa.

To, yaya kamfani zai yi alkawarin shekara 10 bai karye ba? Injiniyoyi sun daɗe da lura cewa lalacewar na'ura tana da fasali irin na ƙwarya: baki biyu a sama, tsakiya a ƙasa. A watannin farko ne aibin masana'anta yake bayyana, ƙusar da ba a ɗaure da kyau ba, wayar da ba ta kama ba, robar da ke yoyo. In mota ta tsallake wannan, sai ta shiga dogon lokaci na zaman lafiya. Sai can da tsufa, ƙarfe ya ci ƙarfe, lalacewa ta sake tashi. Shekarun da kamfani yake ƙarawa a kan ukun farko galibi a gindin ƙwaryar nan suke faɗawa, inda da wuya injin da ake ba shi mai a kan lokaci ya buga. Kafin a hau ɗaya bakin, alkawari ya ƙare. Kuma ɗan abin da aka kiyasta za a kashe a gyara, an riga an zuba shi cikin farashin motar tun ranar da ka saya.

Garanti kuma ba guda ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. Akwai na gaba ɗayan mota, wanda ya haɗa da na'urar sanyi, da kayan wuta, da allon gaban direba, da injin ɗaga gilashi. Shi ne mafi amfani, shi ne kuma mafi gajarta. Akwai na injin da giya da abin da ke kai ƙarfi ga tayoyi, wanda shi ne ake rubuta adadinsa da manyan baƙaƙe a talla. A Amurka, shekara 10 ɗin Hyundai ta injin da giya ce kawai, sauran motar shekara biyar ce ko mil 60,000. Akwai na tsatsa, wanda yawanci sai ta huda ƙarfe daga ciki ya yi aiki. Motocin lantarki suna da nasu a kan babban batir, galibi shekara takwas ko kilomita 160,000.

Abin da ba ya ciki kuwa shi ne ainihin abin da ke cin kuɗin mai mota a Nasarawa: takalmin birki, faifan kuloci, fulogi, matatar mai da ta iska, ƙwan fitila, robar waifa, taya. Waɗannan an yi su ne don su ƙare. Wanda ke gangarowa daga tsaunin Nasarawa Eggon da kaya ya san yadda birki yake cinyewa, kuma babu kamfanin da zai biya shi. Shokozoba ma, in ramin hanyar ƙauye ne ya kashe ta, za a ce maka ba daga masana'anta ba ne.

Sai batun 'yar kalmar nan "ko". Shekara biyar ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Daga Lafia zuwa Abuja kusan kilomita 180 ne. Direban da ke zuwa ya dawo kullum, kwana shida a mako, yana cin fiye da kilomita 2,000 a mako. Kafin shekara guda ta zagayo ya cinye 100,000 ɗin, shekara huɗun da suka rage suna nan a takarda kawai. Balle ma kamfanoni da yawa suna rage garanti ko su cire shi ga motar haya. Ma'aikacin da ke zirga-zirga daga gida zuwa ofis, ya je Keffi ko Makurdi jefi-jefi, shi ne zai ga ƙarshen shekarun.

Amma babban tarkon shi ne sharaɗin sabis. Takardar tana cewa a riƙa kai motar a kan lokaci, a zuba irin man da kamfani ya ce, a buga hatimi a littafi. A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu tazarar gajera ce, wasu motocin kowane kilomita 5,000. A Amurka akwai doka tun 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai ka kai motarka wurin wani bakanike. A nan, abin da ka sa wa hannu ne yake binka, kuma yawanci garejin wakilin kamfani yake nufi. Mafi yawan irin waɗannan garejin suna Abuja, da Legas, da Kano, da Kaduna. Ke nan mutumin Lafia zai ƙona man kilomita 360, ya biya kuɗin ƙofa a titin Keffi zuwa Makurdi, wanda aka fara karɓa a 2025, ya rasa yini guda, don a sauya masa baƙin mai. Ya yi sau biyu, a na uku ya ce, "Kai, bari in kai wa yaron nan na bayan tasha, ai aikin minti ashirin ne." Ranar da injin ya yi ƙara ya je da littafi, sai a buɗe a nuna masa shafin da babu hatimi.

Ba raina bakanikenmu nake yi ba. Su ne suka riƙe Pijo 504 ta Kaduna tana aiki shekaru bayan an daina haɗa ta, su ne ke riƙe da Sharon da Golf da ke ɗaukar mu zuwa Doma da Awe. Sai dai wasu dabarun da suka saba da su suna kashe garanti nan take. A cire tamostat wai don mota ta daina zafi. A haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. A fasa salansa a fitar da abin da suke kira indomi, wato matatar hayaƙi. A yanka waya a sa wata fitila ko babbar sifika. Yanzu kuma, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ga mayar da mota mai amfani da gas. Dabara ce mai rage kashe kuɗi, amma mai sabuwar mota ya nemi amincewar wakilin kamfani a rubuce kafin a taɓa ta.

Gurɓataccen mai ma ba ya ciki. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kamfanin NNPC ya amsa hakan, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Wanda injinsa ya mutu a lokacin ba shi da haƙƙi a kan wanda ya ƙera motar. Haka wanda ya sha man bumburutu a jarka, haka wanda ya kutsa cikin ambaliya injin ya shaƙi ruwa.

Wani zai ce, to motar hannun nan ta waje, wato Beljiyam, da na saya shekararta uku kacal, ai da sauran garanti. Da wuya. Garanti yana da iyakar ƙasa, na Amurka ba ya tsallako teku. Shekara 10 ɗin Hyundai ma ta mai saye na farko ce kaɗai, na biyu yana komawa kan biyar. Motar da inshora ta yanke wa hukuncin ta tashi aiki bayan haɗari ko ambaliya, aka yi gwanjonta, yawanci an soke nata tun a can, kuma irinsu ba kaɗan ba ne a cikin waɗanda ake sauke mana. Har sabuwa a leda da ɗan kasuwa ya ɗauko daga Dubai, in ba ta hannun wakilin kamfani na Najeriya ta shigo ba, yana iya cewa bai san da zamanta ba.

Akwai abubuwa biyu da suka rage wa mai saye ko babu garanti. Na farko, dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da ba su da ingancin da ya kamata cikin wata uku, a gyara, a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Amma sai da rasit da yarjejeniya a rubuce ake iya tsayawa gaban hukuma. Na biyu, kiran da kamfani yake yi a dawo da mota saboda aibin da ke barazana ga rai. Mafi girma shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai. Sinadarin da ke hura jakar, irin wanda ake yin takin zamani da shi, yana lalacewa da zafi da laima, sai ya fashe ya watsa ƙarfe a fuskar direba. Honda Accord da Civic da Toyota Corolla na shekarun 2000, waɗanda suka cika titunanmu, suna cikin jerin, ga shi kuma zafi da laima ba baƙi ba ne a kwarin Binuwai. Mai motar da ta fito daga Amurka yana iya sa lambar shasi mai baƙaƙe 17 a shafin intanet na hukumar NHTSA ya ga ko tasa tana ciki.

Su wa ke da sababbin motoci a Lafia? Ka tsaya a bakin hanyar Shendam da safe ka ƙirga: na gwamnati, na bankuna, na kamfanoni, na ƙungiyoyin agaji. Na gwamnati da kuɗin jama'a aka saye su, da garantinsu a cikin farashi. Duk Hilux ko motar asibitin da aka bari ta tsallake sabis, an zubar da abin da aka riga aka biya, kuma gyaran da ya kamata kamfani ya yi kyauta zai sake fitowa daga baitulmali. Tunda gwamnati ce babbar mai saye, tana da bakin da za ta sa sharaɗi a kwangila: duk mai kawo motoci ya buɗe wurin sabis a Lafia, ko ya horar da wasu daga cikin bakanikenmu ya ba su izinin buga hatimi. In an yi haka, ɗan kasuwar da ya sayar da riɗi ya sayi sabuwar a-kori-kura shi ma ya samu.

Kai kuma mai shirin saye, kafin ka tambayi shekara nawa ne, ka ce a ba ka littafin garantin ka tafi da shi gida ka kwana da shi. Ka nemo shafin abubuwan da ba a ɗauki nauyinsu ba, ka tambayi ranar da lissafi yake farawa, ka tambayi ko yana bin motar in ka sayar. Sannan ka ce wa mai sayarwa ya rubuta maka sunan garejin da ya fi kusa da Lafia, da nisansa.