Sakin Layi: Ɓarawon Lokacin Mai Rubuta Furojet

Duk ɗan ajin ƙarshe ya san wannan matsala. Ka zauna rubuta babi na ɗaya, bayan awa uku ka cika shafi shida, amma ko ƙofar batunka ba ka taka ba. Masana adabin Hausa suna kiran wannan ratse, mu kuwa sakin layi muke cewa.

A ce furojet ɗinka a kan famfon burtsatse mai aiki da sola ne. Ka fara da matsalar wutar lantarki, wannan daidai ne. Sai ka tuno madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, ka gangaro kan kafa NEPA a 1972, ka biyo ta PHCN a 2005, ka dire kan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013. Duk gaskiya ne. To amma ina bayanin yawan faifan sola da zai iya tura ruwa zuwa tanki?

A fahimtata, wanda bai tsara aikinsa ba ba shi da ma'aunin da zai ce wannan ya shiga, wancan ya tsaya a waje. Kowane bayani sai ya jawo ɗan'uwansa. Ga shi kuma ba da tarihi ya fi zaman lissafi daɗi, sai hannu ya bi inda ya fi sauƙi.

Asarar ba ta lokaci ba ce kaɗai. Mai buga takardu da shafi yake caji, malamin da ke duba aikin zai soke rarar da jan biro, ranar kare furojet kuma duk abin da ka rubuta ana iya tsare ka a kansa.

Ga yadda nake yi. Kafin komai ina rubuta tambayar binciken a jimla ɗaya, in manna a gabana. Sai in jera manufofi uku ko huɗu, in raba su cikin babi biyar ɗin da aka saba. Kowane sakin layi sai na tambayi kaina: wace manufa yake wa aiki? In babu, sai in kwashe shi zuwa wani shafi na daban. Wani zai yi amfani a babi na biyu, wani kuma sai wani jiƙon.

'Yan'uwa, taura biyu ba ta taunuwa. Minti ashirin na tsari ya fi mako guda na gyara.