Ganye Ya Kashe Ƙwayar Sankara A Ɗakin Gwaji: Ya Zama Magani Ke Nan?

Wataƙila saƙon ya iso maka ta WhatsApp daga wani ɗan'uwa mai son ka da alheri: wai masana sun gano cewa ganyen tuwon biri, ko habbatus sauda, ko darbejiya, yana kashe ƙwayoyin sankarar furostet. In mahaifinka ne ke fama da wannan cuta, ko maigidanki, kuma kuɗin asibiti sun fara cin ƙarfin gida, irin wannan saƙo yana shiga rai. To kafin ka tura shi gaba, ko ka ce wa Baba ya ajiye maganin likita, tsaya ka ji abin da ake yi a ɗakin gwajin.

Furostet wani ƙullutu ne mai kimanin girman goro, yana ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar fitsari. Shi ya sa mutane da dama ke kiran cutar sankarar mafitsara, alhali ba a cikin mafitsarar take ba. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma baƙar fata sun fi shiga haɗarinta: a Birtaniya an ƙiyasta cewa ɗaya cikin baƙaƙen maza 4 zai kamu da ita a rayuwarsa, yayin da a maza baki ɗaya ɗaya ne cikin 8.

Yawancin binciken da ake yaɗawa ba a jikin mutum aka yi shi ba. An yi shi ne a kan ƙwayoyin sankara da aka ciro daga majinyata tun shekarun 1970, ake ta rainon su a ɗakunan gwaji na duniya. Akwai PC-3 da aka samo daga ƙashin wani majinyaci mai shekara 62, da DU145 daga ƙwaƙwalwar wani, da LNCaP daga kaluluwar wani. Mai bincike zai shanya ganye, ya niƙa, ya jiƙa shi a ruwa ko a sinadarin alkohol, ya tace. Sai ya ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin cikin wani faranti mai ramuka 96, ya jira kwana ɗaya zuwa uku, ya ƙirga waɗanda suka rayu. In da yawa sun mutu, ya samu abin wallafawa, kuma bai yi ƙarya ba.

Sai dai farantin ba shi da ciki, ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Abin da ka sha sai ya bi ta hanji da hanta kafin ya shiga jini, kuma sau da yawa kaɗan ne ke kaiwa. Sinadarin da ke cikin gangamau yana kashe ƙwayoyin sankara a faranti, amma in an sha shi, ɗan ƙalilan ne jiki ke zuƙa. Sannan kashe ƙwaya a faranti ba shi ne wahalar ba, don ko ruwan bilic na wanki zai yi hakan. Wahalar ita ce a kashe sankara a bar mai ita da ransa.

Kada ka ɗauka ana raina tsirrai ne. Ɗaya daga cikin manyan magungunan wannan cuta daga itace ya fito. A 1962 wani masanin tsirrai mai suna Arthur Barclay ya ɓare ɓawon wata bishiya a dajin jihar Washinton ta Amurka. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka ware sinadarin da ke aiki a ciki, suka bayyana tsarinsa a 1971. Sai a 1992 aka amince da shi a matsayin magani mai suna Taxol, shekara 30 ke nan. Ɗan'uwansa dosetaksel, wanda masana a Faransa suka haɗa daga ganyen irin bishiyar ta Turai, an amince da shi don sankarar furostet da ta bazu a 2004, bayan gwaji a kan maza sama da 1,000. A matsakaici ya ƙara musu kimanin wata biyu da rabi na rayuwa. Bishiyar kuwa guba ce: wanda ya dafa ganyenta ya sha zai iya rasa ransa.

Wasu tsirran sun faɗi a kan hanya. A 2006 wani ƙaramin gwaji a Kalifoniya ya nuna kamar ruwan rumman yana rage saurin hawan PSA, wato sinadarin da ake aunawa a jini don bibiyar cutar. Da aka sake babban gwaji, aka kwatanta da waɗanda aka bai wa abin sha maras magani, ba a ga bambancin kirki ba. Wani haɗin ganyayyaki takwas mai suna PC-SPES kuwa ya yi kasuwa a Amurka har 2002, lokacin da aka janye shi bayan an gano an cakuɗa shi da warfarin, maganin tsinka jini.

Saboda haka duk lokacin da irin wannan labari ya zo maka, yi tambaya ɗaya: a kan me aka gwada, faranti, ɓera, ko mutane? In mutane ne, su nawa, kuma an kwatanta su da waɗanda ba su sha ba?

In Baba yana shan wani jiƙo ko gari, kada a ɓoye wa likita. A ɗauki kwalbar a je da ita, domin wasu ganyayyakin suna karo da maganin asibiti, wasu suna taɓa hanta ko ƙoda. Kada a dakatar da allura ko gashi saboda wani saƙo.

Kai kuma, in ka kai shekara 45, musamman in mahaifinka ko yayanka ya yi cutar, ka tuntuɓi likita kan gwajin PSA. A farkonta cutar ba ta cika nuna alama ba, kuma ba duk wahalar fitsari ce sankara ba, sau da yawa kumburin tsufa ne. In an gano ta tun tana cikin ƙullutun, ana iya warkewa da tiyata ko gashi. In aka tsaya jiran jiƙo har ta shiga ƙashi, abin da ya rage shi ne a rage mata gudu a sauƙaƙa wa majinyaci zafi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.