Kimiyya a Cikin Akwatin Soket: Kayan Aikin Ɓalle Faifan Ramin Waya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ginin da ake yi wa wayarin kafin a yi filasta, zai lura da wasu ƙananan akwatuna na ƙarfe ko na roba da aka binne a bango. A kansu ne ake ɗaura soket da makunnin wuta idan an kammala gini. Idan mai karatu ya ɗauki ɗaya ya duba, zai ga a gefunansa da bayansa akwai wasu da'irori masu kama da tsabar kuɗi, an yanka su amma ba a cire ba. Turawa na kiran irin wannan da'ira "nokawut", wato abin da ake bugewa ya fita. A wannan maƙala za mu kira ta faifai. Manufarmu ita ce bayyana kayan aikin hannu da ake cire faifan da su, da ƙa'idojin kimiyya da ke ƙarƙashin aikin, da kuma haɗarin da ke biyo baya idan aka yi shi da ganganci.

Akwatin da Amfaninsa

Akwatin soket yana riƙe soket ɗin a bango, yana killace mahaɗar wayoyi domin kada tartsatsi ya isa ga abin da ke iya kama wuta, sannan yana hana yatsun mutane taɓa waya tsirara. A Nijeriya ƙarfin lantarkin gida volt 230 ne, kuma soket ɗin da aka fi amfani da shi shi ne mai ramuka uku na ƙirar Birtaniya, wanda aka fito da shi a shekarar 1947 bisa ma'aunin BS 1363. Akwatunan da ake binnewa domin irin wannan soket suna da nasu ma'aunin, wato BS 4662, kuma zurfinsu yakan kasance milimita 16 ko 25 ko 35 ko 47. Faɗin faifansu kuwa galibi milimita 20 ne ko 25, daidai da kaurin bututun da ake zura waya a ciki.

A Amurka da inci ake awo. Faifan da suke kira na "rabin inci" ainihin faɗinsa ya kai kusan milimita 22, domin sunan na bututun ne, shi kuwa ramin dole ya ɗauki mahaɗin bututun, wanda ya fi kauri. Saboda haka akwatin ƙirar Amurka ba ya zama daidai da mahaɗin milimita 20.

Dalilin yin faifan a fili yake. Masana'anta ba ta san ta inda waya za ta shigo ba, ko ta sama, ko ta ƙasa, ko ta gefe. Sai ta tanadi ƙofofi da yawa a rufe, ta bar wa mai aikin wayarin ya buɗe wadda yake bukata kaɗai.

Yadda Ake Ƙera Faifan

A masana'anta, wani injin matsa ƙarfe ne yake yanka da'irar, ya bar wani ɗan siririn wuri ɗaya ko biyu bai yanka ba. Wannan ɗan wurin, wanda za mu kira wuya, shi ne ke riƙe da faifan.

Bari mu yi ɗan lissafi domin mu ga girman aikin da injin ya ɗauke wa ma'aikaci. Kewayen rami mai faɗin milimita 20 ya kai kimanin milimita 63. A ɗauka kaurin ƙarfen milimita 1 ne. Ƙarfe mai taushi irin na akwati yana bukatar ƙarfin kusan niyuton 300 kafin a datse kowace murabba'in milimita ɗaya. Idan aka ninka 63 sau 300, za a sami niyuton 18,900, wato kwatankwacin nauyin kaya na kusan tan biyu. Amma idan faɗin wuyan milimita 3 ne kacal, abin da ya rage a datse bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na wancan aiki ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ƙara sauƙaƙa al'amarin. Mai sayar da rake yakan ɗan sari sandar da wuƙa kafin ya karya ta, tela kuma yakan ɗan tsaga bakin yadi da almakashi kafin ya yage shi. Dukkansu suna cin moriyar abu ɗaya: ƙarfin da aka sa wa abu yana taruwa ne a bakin tsaga. A shekarar 1913, wani injiniya ɗan Ingila mai suna Charles Inglis ya nuna da lissafi cewa gwargwadon tsinin tsaga, gwargwadon yawan ƙarfin da ke taruwa a bakinta. Yankan faifai ya ƙare ne a gefe biyu na wuyan, don haka nan ne ƙarfen zai fara tsagewa.

Sukudireba da Guduma

Waɗannan su ne kayan aiki na farko. Ana ɗora bakin sukudireba mai faɗi a gefen faifan, a buga mariƙinta da guduma sau ɗaya ko biyu, daga wajen akwati zuwa ciki, har faifan ya lanƙwashe. Siririn bakin sukudireba yana tattara ƙarfin bugun a ɗan ƙaramin wuri, kamar yadda allura ke huda fata alhali yatsa ba ya hudawa.

Wurin da za a ɗora bakin yana da muhimmanci ƙwarai. A nemi inda wuyan yake, sannan a buga a ɗaya gefen da ya fi nisa da shi. Faifan tamkar ƙyauren ƙofa yake, wuyan kuma shi ne inda aka rataye ƙyauren. Kowa ya san ƙofa ta fi saurin buɗuwa idan an tura ta ta wajen mariƙi. A ilimin fizis, ƙarfin juya abu shi ne ƙarfin da aka sa a ninka da nisansa daga madogara. Wanda ya yi ta bugun kan wuyan, sai dai ya lotsa bangon akwatin, faifan kuwa yana nan daram.

Ya kamata a keɓe tsohuwar sukudireba domin wannan aiki, ko wadda ƙarfenta ya ratsa har ƙarshen mariƙi, ko kuma a yi amfani da ƙaramin cizil. Sukudireba mai rigar roba da aka rubuta wa volt 1000, bisa ma'aunin IEC 60900, ba ta bugu ba ce. Idan rigar ta tsage, kariyar da take bayarwa ta tafi ke nan, ko da ido bai ga tsagar ba.

Filaya

Bayan faifan ya lanƙwashe, sai a kama shi da filaya a riƙa kai shi gaba da baya har wuyan ya karye. Filaya liba biyu ce da aka haɗa a madogara ɗaya, wato irin ƙa'idar sandar ɗaga kaya da masanin nan na tsohuwar Girka, Arkimidis, ya bayyana tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Idan hannu yana nisan milimita 150 daga madogara, bakin kuma ya kama faifan a nisan milimita 30, to ƙarfin kamun zai ninka na hannu sau biyar.

Me ya sa ƙarfen yake karyewa bayan 'yan lanƙwase-lanƙwase? Duk lokacin da aka lanƙwasa ƙarfe har ya ƙi komawa yadda yake, tsarin ƙwayoyin zarra da ke cikinsa yakan harɗe, sai wurin ya ƙara tauri, ya rage iya miƙewa. Daga nan ƙananan tsaga su bayyana, su yi ta girma da kowace lanƙwasa har wurin ya rabu. Masana na kiran wannan gajiyar ƙarfe. Wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya yi bincike mai zurfi a kanta a shekarun 1850 da 1860, saboda karyewar sandunan da ke riƙe ƙafafun jiragen ƙasa. Abin da ke zama masifa ga jirgi, shi ne mai aikin wayarin yake jawowa da gangan a wuyan faifai.

Faifai Mai Zobba

Manyan akwatuna, kamar na rarraba wuta, sukan zo da faifai mai zobba, wato ƙaramin faifai a tsakiya da zobe ɗaya ko biyu kewaye da shi, domin a zaɓi girman ramin da ake so. A nan haƙuri ake bukata. Ana fara cire na tsakiya, sannan idan ana son rami mafi girma, a ɗaga zobe na gaba da bakin sukudireba a hankali, a karya shi da filaya. Bugu mai ƙarfi yakan fitar da zobban gaba ɗaya, ramin ya yi wa bututun yawa. Idan haka ta faru, gyaran shi ne a sa wasu zobban ƙarfe guda biyu na rage rami, ɗaya ciki ɗaya waje, mahaɗin bututun ya matse su.

Mahuji Mai Noti

Wani lokaci babu faifai a inda ake bukatar rami. A nan ake amfani da mahuji na musamman, wanda kamfanin Greenlee na Amurka ya yi suna wajen ƙera shi. Sassa uku gare shi: wuƙa mai da'ira, da wani kofin ƙarfe da wuƙar ke shiga ciki, da dogon noti da ke haɗa su. Ana fara huda ƙaramin rami da injin huda, a zura notin, kofin a gefe ɗaya wuƙar a ɗaya gefen, sannan a yi ta ɗaurewa da sifana har wuƙar ta ratsa ƙarfen.

A baya mun ga cewa wannan aiki na bukatar ƙarfin kusan tan biyu. To yaya hannun mutum zai iya? Amsar tana ga zaren notin. A ɗauka tsawon sifana milimita 200 ne. A zagaye ɗaya hannu zai yi tafiyar kimanin milimita 1,257, alhali wuƙar ba za ta matsa fiye da milimita ɗaya da rabi ba, idan tazarar zaren ke nan. Wato an sayi ƙarfi da doguwar tafiya, ninki fiye da 800 a lissafi. Gogayya tana cinye kaso mai yawa na wannan riba, shi ya sa ake shafa wa zaren mai. Domin manyan ramuka akwai mahuji mai famfon mai, wanda ke aiki da ƙa'idar matsin ruwa ta Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17.

Akwatin Roba

A akwatin roba, faifan wuri ne da aka sirance kewayensa. Turawa da sukudireba ko zagayawa da wuƙa mai kaifi ya wadatar. Guduma takan fasa akwatin dungurungum, musamman wanda ya daɗe a rana ya bushe.

Bayan an Cire Faifai

Karyayyen wuya yakan bar ɗan tsini mai kaifi a bakin ramin. Dole a goge shi da magagari, sannan a sa zoben roba a ramin, ko kuma mahaɗin bututu mai santsin baki. Idan aka ja waya ta kan wannan tsini, zai iya yanka rigarta har jan ƙarfen ciki ya taɓa akwatin. In an haɗa akwatin da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, to fis zai ƙone ko bireka ta faɗi, wutar ta yanke. In kuwa ba a haɗa ba, akwatin da notocin da ke fuskar soket za su ɗauki volt 230 suna jiran wanda zai taɓa. Lantarkin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba yana iya rikita bugun zuciyar mutum, shi ya sa ake ƙera na'urar kariya ta gida ta katse wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare.

Haka kuma, duk ramin da aka buɗe bisa kuskure a toshe shi da murfin da aka yi domin haka. Buɗaɗɗen rami ƙofa ce ga kwaɓaɓɓen siminti lokacin filasta, daga baya kuma ga kyankyaso da tururuwa da zanzaro mai ginin laka. Dokar wayarin ta Amurka, wadda aka fara bugawa a 1897, ta wajabta rufe irin waɗannan ramuka a bugunta na yanzu. A Nijeriya, hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015 ita ce ke duba ayyukan wayarin da ba masu yin su takardar shaida.

Ya fi dacewa a cire faifai tun kafin a binne akwatin. Idan kuwa akwatin yana da waya a ciki, wajibi ne a kashe babban makunni, a kuma gwada da na'urar gwaji. Ɗaukewar wuta ba hujja ba ce ta sa hannu, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci, ga kuma janareta da batirin sola. A sa tabaran kariya saboda ɓarɓashin ƙarfe. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Gwaji Domin Aji

Malami na iya raba wa ɗalibai kilif na takarda, kowa ya miƙe nasa, ya riƙa lanƙwasa shi gaba da baya yana ƙirgawa har ya karye. Rukuni na farko su riƙa lanƙwasawa kaɗan, na biyu sosai, na uku kuma su fara yi wa wurin 'yar tsaga da magagari. A rubuta sakamakon a allo, a fitar da matsakaicin kowane rukuni, a tattauna dalilin bambancin. Wanda ya taɓa wurin karayar nan take zai ji ɗumi, alamar cewa wani ɓangare na aikin hannunsa ya koma zafi.

Kammalawa

A taƙaice, faifan akwatin soket rauni ne da aka tsara da gangan, kayan cire shi kuma su ne ƙananan injunan da ɗalibai ke karantawa a darasin fizis: liba, da tsini, da zaren noti. Wanda ya fahimci ƙa'idojinsu zai san inda zai buga da irin ƙarfin da zai sa, zai kuma san cewa aikin bai ƙare ba sai an goge bakin ramin an sa masa zoben roba. Muna kira ga ɗalibai da su yi gwaje-gwajensu a kan akwatin da ba a haɗa da wuta ba, su bar aikin wayarin na gida ga waɗanda suka koye shi suka sami shaida.