Murfin kwalbar turare: Ƙaramin abin da kan cinye jarin mai haɗa turare

A shagon turare, kafin ƙamshi ya isa hancin mai saye, hannunsa ya riga ya yanke hukunci. Zai ɗaga kwalbar ya ji nauyinta, ya zare murfin, ya mayar, ya saurari ɗan ƙaran da zai yi. Idan murfin ya yi sakayau ko yana lilo, darajar turaren ta faɗi a idonsa ko da na cikin ya kai ya kawo.

Manyan kamfanonin turare sun daɗe da sanin haka. Yanzu kuma da matasa da dama a Kano da wasu biranen Arewa suka rungumi haɗa turare da sunan kansu, suna odar kwalabe daga China da Dubai, batun murfi ya zama na jari. Kwali-kwalin kwalabe kan iso, murafu su iso daga wani dilan daban, a zo haɗawa su ƙi zama. Kayan da aka biya wa kuɗin jirgi da na kwastan kuwa ba su cika komawa ba.

Daga wuyan kwalba ake farawa

A da, turaren alfarma da toshiyar gilashi ake rufe shi, kuma akan goge kowace toshiya har ta dace da bakin kwalbarta ita kaɗai. Har gobe kamfanin Chanel na rufe kwalbar tataccen turarensa No. 5, wanda ya fito a 1921, da siririyar fata da zare da hatimin kakuma, duk da hannu.

Zuwan turaren feshi ya sauya lissafin. Masu gilashi daban, masu famfon feshi daban, masu murfi daban, don haka dole a sami ma'auni ɗaya da kowa zai bi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne FEA, sunan da ya samo daga ƙungiyar masana'antun kayan feshi ta Turai. Lambar da ke biye da shi tana nuna faɗin bakin kwalbar a milimita.

FEA 15 ne aka fi gani a kwalabe masu cin mililita 50 da 100. FEA 13 ya fi yawa a ƙananan kwalabe, su kuwa 18 da 20 na manya ne. Tazarar milimita biyu ba ta da yawa a ido, amma famfon 15 ba zai taɓa kama bakin 13 ba.

Murfi ba shi ke tsare turare ba

Kuskuren da sabbin shiga suka fi yi shi ne ɗaukar murfi a matsayin abin da ke hana turare tsiyaya. A kwalbar feshi, wannan aikin famfo ne. Famfon na da siririn gwangwanin alminiyam da ake matsewa a bakin kwalbar da na'ura, a ƙarƙashinsa kuma akwai 'yar roba da ke toshe iska.

Idan matsin bai yi daidai ba, sinadarin itanol da ke ɗauke da ƙamshin zai riƙa sulalewa. Sinadari ne mai saurin bin iska, ga shi kuma zafin watan Afrilu a Kano ko Maiduguri kan haura digiri 40. Kwalbar da aka jera a cike sai a tarar ta rage kafin a sayar.

A kan matsin ne ake zura wani zobe mai sheƙi da ke ɓoye shi, kuma wannan zoben murfi ke kamawa. Ke nan abu huɗu ne dole su yi jituwa: bakin kwalba, famfo, zobe da murfi. Murafu biyu na iya ɗaukar lambar FEA 15, ɗaya ya zauna daram, ɗayan ya yi lilo, saboda kaurin zobe ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta.

Akwai kuma zurfin murfin. Idan bai kai tsayin kan famfon ba, zai riƙa danna shi, turaren ya yi ta fesuwa a cikin kwali tun a hanya.

Zamak ko alminiyam?

Yawancin murafun ƙarfe masu nauyi da ake gani a kan turare mai tsada da zamak ake yin su. Haɗi ne na tutiya da alminiyam da magnisiyam da jan ƙarfe, kuma daga haruffan farko na sunayensu a Jamusanci aka samo sunan. Wani kamfanin Amurka, New Jersey Zinc, ne ya samar da shi a 1929.

Ana narkar da zamak a ɗura a mazubi, shi ya sa yake karɓar kowace irin siffa da zane, kamar murafu masu kama da kambun sarauta da suka yawaita a turarukan Larabawa. Bayan nan sai a yi masa ruwan zinare ko na azurfa. Nauyinsa ya ninka na alminiyam kusan sau biyu da rabi, ga sanyi a tafin hannu, abin da mai saye ke fassarawa da tsada.

Alminiyam ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin dako, launinsa kuma ba ya saurin ɓarewa. Sai dai siffofinsa ba su da yawa, kuma saboda rashin nauyi wasu masana'antu kan ɓoye ɗan ƙarfe a cikinsa.

Ko wanne aka zaɓa, a leƙa cikinsa. Murfin kirki na da rufin roba a ciki, wanda ke riƙe zoben, yana kuma raba ƙarfen da turaren. Inda ruwan zinaren ya kasance na arha, ɗigon turare da gumin hannu kan sa shi dusashewa ko ɓarewa cikin watanni. Arha dai ba ta ado.

Nauyi ma yana da iyaka. Mutane da yawa da murfi suke ɗaga kwalba. Idan riƙon ya yi sako-sako, kwalbar ce za ta sha ƙasa. Idan ya yi tsauri, murfin zai taho da zoben. Murfi mai nauyi a kan siririyar kwalba mai mililita 30 kuwa kifar da ita yake yi. Wasu kamfanoni sun koma ga maganaɗisu, kamar yadda ake gani a Bleu de Chanel na 2010 da Sauvage na Dior na 2015, inda murfin ke komawa mazauninsa da kansa.

Na matsewa ko na murɗawa?

Bakin da aka matse ba ya buɗuwa sai an lalata famfon, abin da ke wahalar da masu algus. Baki mai murɗawa kuwa yana ba da damar sake cika kwalba. Turaren Angel na Mugler, wanda ya fito a 1992, na cikin waɗanda suka yi fice da tsarin sake cikawa, kuma manyan kamfanoni da dama na bin wannan hanya yanzu don rage shara.

Ga mai sayar da turaren mai a kwalaben mililita 3 da 6 da 12, lissafin daban ne. A nan babu famfo, murfin murɗawa da 'yar robar bakin kwalbar ne ke tsare turaren, don haka ingancinsu ya fi adonsu muhimmanci.

Kafin a biya kuɗi

Hanya mafi aminci ita ce a sayi kwalba da famfo da zobe da murfi daga hannu ɗaya. Idan hakan bai yiwu ba, a nemi samfurin kowanne, a haɗa su kafin a ba da babbar oda.

A cika samfurin da ainihin turaren da za a sayar, a yi alama a inda ruwan ya tsaya, a kwantar da kwalba ɗaya, a kifa ɗaya, a bar su makonni a ɗaki mai zafi. A zare murfin a mayar sau da yawa a ga ko riƙonsa zai saki. A ɗiga masa turare a ga ko launinsa zai sauya.

Murfi na musamman mai tambarin kamfani na buƙatar a ƙera masa mazubinsa, kuma masana'antu ba su cika karɓar aikin ba sai odar ta kai dubbai. Mai ƙaramin jari zai iya farawa da murafun da ake da su a kasuwa, a zana masa sunansa a kai, ya ajiye sauran kuɗin don turaren da zai zuba a ciki.