Makunnin Fanka: Ɗan Ƙarfen Da Ke Kwantar Da Motar Kaya A Layin Ngueli

Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Kusiri ta ƙasar Kamaru zuwa Injamena ya san layin motocin da ake yi a gadar Ngueli, wadda ke kan kogin Logone. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin birnin ke haura digiri 40, a wannan layi ne ake yawan ganin mota an buɗe mata gaba, tururi na tashi, mai kaya kuwa yana tsaye yana lissafin asara.

Abin lura shi ne, motar da ta yi tafiyar sa'o'i lafiya lau, sai da ta tsaya sannan ta ɗauki zafi. Dalili kuwa, a kan hanya iskar gudu ce ke sanyaya lagireto. Da zarar an shiga cunkoso, aikin ya koma kan fanka. A motocin dizal irin su Peugeot J5 da Fiat Ducato, waɗanda Turawa kan mayar da su motoci masu ɗakin kwana, mu kuma muke loda musu buhuna, fankar ta lantarki ce. Abin da ke tayar da ita wani ɗan makunni ne da ake ɗaurawa a jikin lagireto, wanda makanikan da suka koyi aiki da Faransanci ke kira tarmokontak. Cikinsa akwai ɗan faifan ƙarfe da ke lanƙwasa idan ruwa ya kai wajen digiri 90 zuwa 100, sai ya haɗa wuta fanka ta tashi. Ruwan na yin sanyi ya sake ta.

To, a nan gizo ke saƙar. Idan direba ya lallaɓa ya kai mota gareji a Butalbagar, cikin gunduma ta 7, ko wajen kasuwar Dembe, maganin da ya fi saurin zuwa bakin bakanike shi ne a haɗa fankar kai tsaye, ta riƙa juyawa ba tsayawa. A matsayin dabarar isa gida, ba laifi. Amma a bar ta haka wata da watanni, ganganci ne. Ba a ƙera fankar don ta yi ta gudu dare da rana ba, kuma ranar da ta ƙone ba za ta yi sallama ba. In an haɗa ta ba ta hanyar makulli ba, batir ma sai ya kwana babu wuta. Wasu har da cire tamostat suke yi, injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, ya ƙara shan mai da fitar da hayaƙi.

Gane mai laifi ba wuya. Injin na sanyi, a murɗa makulli, a zare wayar makunnin a haɗa bakunanta biyu. Idan fanka ta tashi, makunnin ne abin zargi. Idan shiru, a duba fiyus, da rile, da ita kanta fankar. Hattara da yatsu.

Wajen canji, kada a taɓa murfin lagireto sai injin ya huce sarai, domin ruwan da ke ciki na iya saɓule fata. A cire wayar batir, a rage ruwa ya sauka ƙasa da ramin makunnin, a kwance tsohon, a ɗaura sabo da sabuwar washa. Kada a matse shi da ƙarfin tsiya, musamman in gefen lagireton na roba ne. Sannan a cika ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale, domin makunnin da iska ta kewaye ba ya jin zafin ruwa yadda ya kamata.

Mai mota ya tafi shago da tsohon a hannunsa. Galibi akwai lambobi biyu a jikinsa, na tashin fanka da na tsayawarta, wani kuma mai baki uku ne saboda gudu biyu. Sabon ya zo daidai da shi. Sababbin motoci da yawa ba su da wannan makunni, kwamfutar injin ce ke tayar da fanka, don haka a tambaya kafin a biya. Kuma kada direba ya bar gareji sai ya ga fankar ta tashi da kanta, ta kuma tsaya da kanta.