Tsatsa a Jikin Yadin Foliyesta: Dalilin da Ya Sa Lemon Tsami Ya Fi Sabulu

Da zarar damina ta kankama a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, wato daga watan Yuni zuwa Satumba, ɗaliban makarantun kwana kan shiga fama da wani jan tabo a jikin kayan makarantarsu. Farar riga mai ɗanshi ta kwana a cikin akwatin ƙarfe, ko an shanya ta a kan tsohuwar waya, ko ruwa ya ɗiga mata daga kwanon rufi, sai a wayi gari da tabon tsatsa. A wanke da sabulu, a cuɗa, a sake wankewa, tabo yana nan. Sau da yawa sai iyaye sun ɗinka wata rigar, alhali maganin yana kan tebur ɗin mai sayar da lemon tsami.

Tsatsa ba dauɗa ba ce irin ta maiƙo ko gumi. Tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin a wurin da akwai laima, shi ya sa ta fi yawa da damina fiye da lokacin hunturu. Wannan haɗi ba ya narkewa a ruwa. Aikin sabulu kuwa shi ne kama maiƙo, saboda haka ba shi da abin da zai yi wa tsatsa. Bugu da ƙari, sabulu da kanwa da ruwan toka dangi ɗaya ne a ilmin haɗa sinadarai, kuma a cikin irinsu ƙarfe ƙara daskarewa yake yi. Ruwan bilic ma, wanda ake sa wa fararen kaya, ƙara wa tabon duhu yake yi. Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Amanun tsatsa shi ne tsami.

Ruwan lemon tsami yana ɗauke da asid ɗin sitirik, kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ne ya fara tace shi daga lemo a shekarar 1784. Wannan asid yana ɓamɓaro ƙwayoyin ƙarfe daga jikin tsatsar, ya rungume su, ya mai da su abin da ruwa ke iya kwashewa. Hasken rana yana ƙara wa aikin sauri. Akwai makamancin wannan a gonakin yankin: saiwoyin gero da na dawa suna fitar da wasu sinadarai da ke kama ƙarfen da ke cikin ƙasa su narkar da shi, sannan shuka ta sha.

Shi kuwa foliyesta, wanda a kasuwa ake ce wa yadi mai roba, zare ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Turawa biyu, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, suka ƙirƙiro shi a Ingila a shekarar 1941, aka sa masa suna Terylene. Ɗanshin da yake sha bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, alhali auduga tana shan kusan kashi 8. Saboda haka tsatsa takan maƙale ne a bayan zaren da tsakankaninsa, ba ta cika ratsa cikinsa ba. Kuma zaren yana jure wa asid marar ƙarfi. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi mai yawa, domin yana narkewa a wajen digiri 255 na ma'aunin Salshiyos, kuma tun kafin nan yakan yamutse.

Ga yadda ake cire tabon. Da farko a jiƙa wurin da ruwan sanyi. A matse lemon tsami a kai har ya jiƙu sosai, a barbaɗa gishiri kaɗan don ya riƙe ruwan lemon a wurin. A shimfiɗa rigar a rana na kamar rabin awa, ana ƙara ruwan lemon don kada ya bushe. Daga nan a ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan a wanke da sabulu. Idan tabon ya daɗe, a maimaita sau biyu ko uku. Yadi mai launi kuwa, a fara gwadawa a cikin kalmasa inda ido ba ya gani. Ruwan tsamiya ma yana narkar da tsatsa, amma yakan bar nasa launin a kan farin yadi. Kada a sa dutsen guga sai tabon ya fita sarai.

Akwai kashedi guda uku. Kada a haɗa bilic da lemon tsami ko wani abu mai tsami, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu. Kada a yi amfani da ruwan batir, domin yana cin fata, yana kuma huda audugar da ake gauraya wa yawancin yadin makaranta. Sannan a wanke hannu bayan matse lemon, saboda ruwansa da bawonsa kan sa fata ta ƙone idan rana ta buge ta.

Malamin kimiyya yana iya nuna wannan a aji ba tare da kayan tsada ba. A yanka farin ƙyalle gida uku, a naɗe jiƙaƙƙiyar ƙusa a cikin kowanne har ya yi tabo. A sa wa na farko sabulu, na biyu ruwan kanwa, na uku lemon tsami, a ajiye su a rana, ɗalibai su rubuta abin da suka gani. Rigakafin kuwa mai sauƙi ne: igiyar roba a maimakon waya, leda a shimfiɗe a cikin akwatin ƙarfe, kuma kada a ninke riga sai ta bushe ƙayau.