Gidan Russell-Cotes: Kyautar Miji da ta Zama Gadon Gari

A kan wani tudu da ke fuskantar teku a garin Bournemouth, a kudancin Ingila, akwai katafaren gida da attajiri Merton Russell-Cotes, mai otal ɗin Royal Bath, ya gina wa matarsa Annie. An soma ginin a 1897, aka miƙa mata shi ranar zagayowar haihuwarta a 1901, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta rasu, shi ya sa ake lissafa shi cikin gidajen ƙarshe na zamanin Biktoriya, wato shekarun mulkinta daga 1837, lokacin da masu hannu da shuni suka mayar da bakin teku wurin hutu da neman lafiya.

Daga baya gidan ya zama gidan tarihi, kuma abin da ya bambanta shi da sauran gidajen tarihi shi ne, kayan da ke ciki suna zaune ne a ɗakunan da masu su suka zaɓa musu, ta yadda mai ziyara zai ji kamar baƙunci ya zo, masu gidan kuma sun ɗan fita. A babban zauren tsakiya, haske na saukowa ta rufin gilashi mai launi, ya faɗa kan wani ɗan tafkin ado, bangaye kuwa cike suke da zane-zane har sama, cikinsu da ayyukan mai zane Edwin Long. Ɗakin Mikado, laƙabin da Turawa ke yi wa sarkin Japan, yana ɗauke da kayan da ma'auratan suka kwaso a tafiyarsu zuwa Japan a 1885, akwai kuma wani ɗan lungu mai ƙubba da aka ƙawata da salon fadar Alhambra ta Musulmin Andalus. Gaskiya kayan sun yi yawa, wani wurin har ido kan rasa inda zai sauka, amma wannan cunkoson shi ne shaidar yadda attajiran wancan zamani suke kallon duniya, a matsayin kasuwar da ake zagayawa a sayo abin ajiya.

Tun suna raye suka sadaukar da gidan da kayansa ga mutanen garin, kusan irin abin da ake kira waƙafi, bisa sharaɗin za su ƙare rayuwarsu a ciki. Annie ta rasu a 1920, Merton ya bi ta a 1921, aka buɗe gidan ga jama'a a 1922.